Shekarar da Aka Sare Inuwar Shamuwa

Ranar wata Asabar ce da hantsi, kwana kaɗan bayan ruwan shuka, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina tsugune a ƙofar gida ina dirje tukunyar miya da toka, sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin masallacinmu, kaji suka watse. Dagacinmu ne ya fara fitowa, sannan wani dogon mutum mai hular hana-sallah, rataye da wani abu mai kama da muciyar tuwon biki. Bai ko gama gaisawa da dattawa ba ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar gidanmu, ya ɗora abin nan a ido, ya saita shi sama. Yaran da ke langa suka arce da ihu suna cewa bindiga ce. Kafin in miƙe, kakata Iya, mahaifiyar Baba, ta fito daga zaure da sandarta, mayafi a karkace.

"Kai! Sauke! Wallahi in ka harbe min baƙi sai mun tsaya gaban alƙali, ko ɗan wane ne kai!"

Dagaci ya yi dariya har rawaninsa na rawa. "Iya, hoto zai ɗauka, ba harbi ba ne."

"Hoton me? Sun ce maka Hajji za su, da za a yi musu fasfo?"

Baƙin Iya wasu shamuwoyi ne guda biyu, miji da mata, masu sheƙa a kan tsamiyar da ke tsakanin zaurenmu da cikin gida, a ƙauyenmu da ke bayan Lakwaya. Iya takan ce ranar da aka kawo ta gidan tana amarya, sheƙu sun cika tsamiyar nan har ba a jin maganar mutum saboda ƙaf-ƙaf ɗin bakunansu. A hankali itatuwan gari suka yi ta tafiya cikin murhu, fadama ta ja baya, shamuwoyi suka yi ta raguwa. Lokacin da na yi wayo, biyun nan kaɗai suka rage a duk unguwarmu. Idan zafi ya kai zafi, rijiya ta yi ƙasa, sai Iya ta fara share gindin tsamiya safe da yamma tana duban kudu. Ranar da suka sauka kuwa, sai ka rantse ɗanta ne ya dawo daga Makka. Takan tsaya ta yi musu sannu da hanya, ta tambaye su gajiya, ta sa a daka gumba a raba wa yara sadaka. Baba manomi ne kuma malamin allo, ya san ruwa na Allah ne, amma ko shi ba ya taɓa buhun iri sai ya ji muryarta tana cewa, "Ɗanjuma, baƙi sun sauka, fito da gero."

A gindin tsamiyar nan na yi ƙuruciyata. Nan muke surfe ni da mahaifiyata Inna, nan nake ɓarar gyaɗa, nan muke carafke da ƙawayena idan an taso daga Islamiyya, har sai an kira magariba an kore mu. Kashin shamuwa yakan mayar da ƙasar wurin fari fat, ga ƙarni idan an yi yayyafi. Inna ba ta iya musu da surukarta, sai dai ta yi ƙunƙuni tana kwashe shanya. "Baƙin Iya sun sake sa min gishiri a kuɓewa," haka takan ce ƙasa-ƙasa, mu kuwa mu toshe baki. Yaron da duk aka kama da danƙo a kusa da gidanmu, Iya da kanta take raka shi gidan ubansa. Ni na fi kowa sanin sheƙar, don nakan kwanta rigingine a kan tabarma in yi ta kallo. Tana cikin wata mararrabar rassa ce, can ɓangaren gabas, kuma akwai wani babban reshe mai duhun ganye da ya lanƙwaso a kanta kamar rumfa. Daga hantsi har la'asar rana ba ta taɓa ta. A shekarar nan 'ya'ya uku suka ƙyanƙyashe, idan iyayen sun dawo daga gona da fara a baki sai ka ga ƙananan kawuna suna miƙewa, suna wani kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Baƙon nan sunansa Malam Kabiru, ɗan 'yar'uwar dagaci ne da ya tashi a birni, ya yi karatu a waje. Sana'arsa ita ce yawon duniya yana ɗaukar hotunan tsuntsayen daji, ya ce akwai wata babbar gasa da ake yi, masu hoto daga kowace ƙasa su kai abin da suka ɗauko a zaɓi wanda ya fi. Dattawa suka yi ta jinjina maganar, wai mutum da gemunsa, da karatunsa, ya ƙare a bin tsuntsaye. Amma baƙon dagaci ne, don haka Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu. Aka kafa masa tsani ta waje ya riƙa hawa saman zaure, aka jera zana ta ɓangaren cikin gida don kada idonsa ya faɗa kan mata. Inna ta koma girki a bayan rumbu, cikin hijabi, tana share gumi. Ni ce mai kai masa fura da ruwa gindin tsani. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai fara'a da haƙuri. Yakan zauna a saman nan shiru kamar an dasa shi, tun safe har rana ta take. Da yamma yakan juya bayan kyamarar ya nuna mana tsuntsayen wasu ƙasashe, wani ja kamar manja, wani tsaye a kan ƙanƙara. Abin da ya saye zuciyar Iya shi ne ranar da ya gaya mata ya taɓa ganin shamuwoyi a can ƙarshen kudancin Afirka, inda suke cin rani. Duk rayuwarta tana son sanin inda suke zuwa.

"To, a can ma ana karrama su?"

"Ba kamar nan ba, Iya. A can ba sa sheƙa, wucewa kawai suke yi."

Ta gyara zama, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Can ci-rani ne. Nan ne gida."

Daga ranar ta daina kiransa mai bindiga, ta koma ce masa ɗana.

Wata yamma bayan la'asar, dagaci ya zo duba baƙonsa, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Na kawo kwanon dambu ina ajiyewa, dagaci ya tambaye shi ko an dace. Malam Kabiru ya yi miƙa, ya nuna sama da baki, yana murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, kullum ina ganin ƙafafu da jela. Da ba don reshen can da ya tare ni ba, da tuni na samu abin da na zo nema." Ya wanke hannu ya hau cin dambunsa, shi a wurinsa hira ce, kamar yadda mutum zai ce yau an yi zafi. Amma na ga dagaci ya juya ya dubi Baba, na ga Baba ya sunkuyar da kai. A garinmu baƙo ba ya roƙo. Idan ya yaba akuyarka, ka ɗaure masa ita a mota. Idan ya ce wani abu ya dame shi a gidanka, a gaban shugaba kuma, to an gaya maka aikinka ke nan, kuma abin kunya ne ka jira a maimaita. Malam Kabiru jininmu ne, Hausarmu yake yi, amma wannan bai san ta ba.

Washegari abubuwa biyu suka haɗu. Iya ta bi motar kasuwa zuwa Kara wajen sunan jikar ƙanwarta, Malam Kabiru kuma ya tafi Gwarzo cajin baturan kyamara, don mu ba mu da wuta. Baba ya sallami ɗalibansa da wuri, ya wasa gatari a kan dutsen bakin rijiya, ya ɗaure wandonsa da igiya, ya yi bisimilla ya hau. Inna ta leƙo daga bayan rumbu ta ce, "Malam, da dai an jira Iya ta dawo." Ya ce baƙo yake so ya dawo ya tarar da aikin an gama. Ba da mugunta ya hau ba, wannan na shaida a gaban Allah. Ya ma ɗaure reshen da igiya don kada ya faɗa kan sheƙar, yana sara yana cewa tsuntsayen su yi haƙuri. Iyayen suka tashi suka yi ta kewaya gidan, inuwarsu tana wucewa ta kan tsakar gida. Da reshen ya sauko, sai wani haske ya faɗo wurin da ban taɓa ganin rana a cikinsa ba. Awaki suka rufar wa ganyen. A sama, inda aka sare, wani fari ya bayyana tas kamar ƙwarya sabuwa, sheƙar kuma ta fito fili, kowa na iya ganinta har daga masallaci.

Kuma a makon nan ne ruwa ya ɗauke. Manoma sun san irin ranar da ake yi idan damina ta yi tsaiko bayan shuka, wadda take sa gero ya naɗe kunne. Kafin azahar uwar ta sauko ta tsaya a bakin sheƙar, ta juya wa rana baya, ta buɗe fukafukanta duka biyu a kan 'ya'yan. Bakinta a buɗe, maƙogwaronta na rawa. Haka Iya ta dawo ta tarar da ita. Na zaci za ta yi ihu ta tara mutane, amma ba ta yi ba. Ta ajiye ƙullin goron suna, ta je ta dafa reshen da ke ƙasa, ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗago ta ce, "Ɗanjuma, inuwar wa ka sare?" Baba, mutumin da yake tsawata wa yara arba'in da ido kawai, ya ɗauki gatarinsa ya shige zaure.

Malam Kabiru ya iso ana shirin la'asar. Yana fitowa daga mota ya dafe kai. "Inna lillahi! Malam, wa ya ce a yi haka?"

"Kai ka ce ya tare ka."

"Magana ce kawai na yi! Mu a aikinmu ko ganye ba a yarda ka tsinke ba."

Ina tsaye kusa da shi da kwanon fura, na yarda ransa ya ɓaci da gaske. Sai ya ɗaga kai. Rana ta karkata yamma, haske ya ratsa gashin fukafukan uwar nan, ga 'ya'yan uku a ƙarƙashinta sun ɗago bakuna. Na ga fuskarsa ta sauya a hankali, na ga hannunsa ya tafi kan kyamara kamar ba da saninsa ba. Sai ya kama tsani. Har yau idan na ji ana murza ƙwayar carbi da sauri, ƙarar kyamarar nan nake tunawa, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ba tsayawa.

Iya ta bi shi gindin tsani ta ce, "Ɗana, ka taimaka a ɗaura musu ko zana ce a sama." Ya leƙo ya ce kada a taɓa komai, idan suka ga baƙon abu a kan sheƙa za su gudu su bar 'ya'yan. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma na girma, na yi aure, na haifi nawa, kuma har yanzu ban iya raba wannan gaskiyar da cewa zana za ta ɓata masa hoto ba. Ya ƙara kwana biyu a saman zauren, daga nan ya yi sallama, ya yi godiya, ya bar wa Iya turmin atamfa. Ba ta taɓa ɗinka shi ba.

Bayan tafiyarsa Baba ya hau da zana. Abin da baƙon ya faɗa kuwa ya faru, iyayen suka ƙi sauka wuni guda, dole ya sake hawa ya kwance. Muka zuba ido. Uban yakan je kududdufi ya ciko baki da ruwa ya zo ya tsiyaya wa 'ya'yan, uwar kuma tana nan tsaye da fukafukai a buɗe har suka fara saki don gajiya. Iya ta jera kasake da ruwa a gindin itacen, ta zauna da carbi tana roƙon hadari. Ƙaramin ne ya fara faɗowa, na tsince shi da safe ina shara, tururuwa sun riga ni. Na biyu shirwa ce ta sure shi a kan idonmu, tunda yanzu babu abin da ya ɓoye su. Na ukun ya mutu a cikin sheƙar, uwar ta ƙara wuni tana yi masa inuwa. Ni da Iya muka haƙa rami da ƙaramar fartanya muka rufe wanda muka samu. Daren ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye kowa na murna, sheƙa kuwa babu kowa.

Bayan an yi girbi labari ya zo cewa hoton Malam Kabiru ya yi nasara a gasar. Ya aiko da babba a cikin gilashi, aka rataye a zauren dagaci, mutane suka yi ta zuwa kallo har daga ƙauyukan maƙwabta. Hedimasta ya jera mu a layi ya kai mu, ya ce garinmu ya shiga duniya. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka riƙa yi wa Baba barka. A masallaci, a wajen ɗaurin aure, sai ka ji an ce, "Ai da ba don gatarin Malam Ɗanjuma ba, da ba a ga komai ba." Yakan yi yaƙe ya ce Allah ne ya nufa, ya dawo gida ya shige ɗaki. Dagaci ya sa aka kawo hoton har gida don Iya ta gani. Ta matso da shi kusa da idonta, ta duba, ta miƙa wa ɗan aiken.

"Ka ce ina gaishe shi. Ita tana neman agaji, ku kuna tafi."

Da bazara ta zagayo, Iya ta ɗauki tsintsiyarta ta share gindin tsamiya kamar kullum. Shamuwoyi suka zo, muka gan su can sama suna wucewa arewa, ko ɗaya ba ta karkato ba. Ta ce wataƙila ba namu ba ne, namu suna baya. Aka yi ruwan fari, aka yi na biyu, maƙwabta suka shuka, Baba yana ta kai-komo a bakin rumbu yana jiran muryar da ba ta zo ba. Daga ƙarshe ya ɗauki iri ya fita gona. Ban taɓa jin ta sake tayar masa da maganar ba, shi ma ban taɓa ganin ya sake zama a inuwar itacen ba. Damina biyu ta ƙara yi tana sharar nan. A ciwonta na ajali ta sa aka juya mata gado ya fuskanci ƙofa, inda take hango tsamiyar. Ruɓa ta shiga itacen ta wurin saran, gara ta bi, wata iskar bazara ta kayar da shi bayan an kai ni ɗaki, masu gawayi suka kwashe.

Yanzu ina aure a Kabo, a gidan bulo mai tsakar siminti, babu ko dalbejiya. 'Ya'yana sun san shamuwa ne a littafin makaranta. Mijina kuma a rediyo yake jin ranar da za a fara shuka. Kwanakin baya babbar 'yata Hafsatu tana neman hotunan tsuntsaye a wayar babanta don aikin gida, sai ta rugo kicin tana cewa, "Umma, zo ki ga uwa ta gari!" Na goge hannu na karɓa. Shi ne. Fukafukan nan a buɗe, haske na ratsa su, bakuna uku a ƙasa. An rubuta da Turanci cewa wannan ita ce ƙaunar uwa, a wani ƙauye a Afirka. A ƙarƙashi mutane daga ƙasashe iri-iri sun yi ta yabo, wata ta ce har hawaye ta yi don kyau. Na sa yatsu biyu na buɗe kusurwar sama ta hagu. Yana nan, ɗan fari kamar ɓawon ƙwai, inda gatarin Baba ya bi. Hafsatu ta ce, "Mene ne wannan?" Na ce reshe ne. Na zaunar da ita a kan turmi na ba ta labarin Iya, miyata ta kama a tukunya ban ji ba.

A Islamiyya an koya mana cewa ko tsuntsu yana da hakki a kan mutum, shi ya sa duk sallar da na yi nakan roƙa wa Baba gafara, don shi karamci ya yi niyya. Nakan yi ƙoƙari in sa Malam Kabiru a addu'ar, wani lokaci bakina ya yarda, wani lokaci ya ƙi. Idan zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa a gabas, nakan tsinci kaina da tsintsiya a tsakar gida ina duban kudu, alhali ba ni da itacen da za a sauka a kai. Duniya ta samu hotonta. Mu ne muka rasa baƙinmu.